Tambayoyi da amsoshi: yadda manhajar ɗaukar sauti ke tuƙa fedojin miksar analog

Waɗannan su ne tambayoyin da suka fi yawan zuwa daga masu haɗa sauti da suke aiki da kwamfuta amma ba su rabu da miksar analog ba, wato teburin haɗa sauti da sauti ke bi ta cikinsa a matsayin wutar lantarki, ba lambobi ba. Wasu amsoshin gajeru ne. Wasu kuwa na daɗe a kansu, domin a nan ne na ga mutane suna zuba kuɗi da lokaci ba tare da sun san abin da suke saye ba.

Wai me ake nufi idan an ce kwamfuta tana tuƙa fedar miksa?

Abu biyu ne ake yawan cakuɗawa, kuma gara a raba su tun daga farko. Na ɗaya, ka tura feda, wato madannin da ake turawa sama ko ƙasa don ƙara ko rage ƙarfin sauti, da hannunka, fedar da ke cikin manhaja ta motsa. A nan sauti bai bi ta cikin na'urar da ke gabanka ba ko kaɗan, na'urar ba ta wuce linzami mai hannaye da yawa ba. Na biyu shi ne wanda muke magana a kai: sauti ya fito daga kwamfuta, ya shiga layin miksa ta waya, ya bi ta ikwalaiza mai gyara kauri da kaifin sauti da kwamfuresa mai danne sauti idan ya yi ƙarfi, dukansu na ƙarfe, wato na'urori na zahiri ba na manhaja ba, sannan ya iso feda, ita kuwa fedar tana ɗagawa tana saukewa bisa abin da aka rubuta a cikin manhajar ɗaukar sauti irin su Pro Tools ko Logic ko Cubase ko Reaper. Manhaja ce mai riƙe da tunani, miksa ce mai riƙe da sauti.

Akwai miksoshin da ke yin duka biyun, ka danna maɓalli ɗaya su sauya fuska. Miksar AWS 900 ta kamfanin SSL da ta fito a 2004 tana cikin waɗanda suka yi suna da wannan. Amma ganin feda tana motsi ba ya nufin sauti na bi ta cikinta. Kafin ka sayi komai, tambayi wannan ɗaya: da na ja fedar nan ƙasa, me ya ragu, lamba a cikin kwamfuta ko wutar da ke gudu a cikin layi?

Me zai hana in yi duk ɗage-ɗagen da sauke-sauken a cikin manhaja, in bar fedojin miksa a sifili, wato inda ba sa ƙarawa ba sa ragewa?

Babu abin da zai hana, kuma mutane da yawa haka suke yi, aikinsu yana fita da kyau. Sai dai ka san abin da ka bari.

Lamarin duka yana kan wurin da feda take zaune a hanyar sauti. Fedar manhaja tana gaban na'urar da ke mayar da lambobi zuwa wutar sauti, wato duk abin da ka yi mata, an yi shi kafin sauti ya taka ƙofar miksa. A ce ka sa kwamfuresa na ƙarfe a layin muryar mawaƙi, ka daidaita shi yana danne desibel 4 (desibel ma'aunin ƙarfin sauti ne) a wuraren da murya ta yi ƙarfi. Sai ka zo ƙarshen wani baiti inda muryar ta nutse, ka ɗaga ta da desibel 3 a manhaja. Ƙarin nan bai wuce kai tsaye zuwa kunne ba, kwamfuresa ya fara tarar sa. Idan an saita shi a huɗu bisa ɗaya, wato a kowane ƙarin desibel 4 ɗaya kawai yake bari ya fita, kuma muryar ta haura iyakarsa, abin da zai fito bai kai ko desibel 1 ba. Ka ƙara, ya ƙara dannewa, muryar ta shaƙe, numfashi da ƙarar ɗaki su taso. Kana turawa yana turo ka.

Fedar miksa kuwa tana bayan kwamfuresa. Shi ya gama aikinsa a kan sautin da bai canja ba, ke nan launin muryar yana nan yadda ka saita shi, fedar kuma ta ɗaga abin da ya fito gaba ɗaya. Desibel 3 ya zama desibel 3. Haka kuma amsa-kuwwar da ka aika daga bayan feda za ta bi ta, murya ta tashi amsa-kuwwa ta tashi da ita. Ga kuma ƙaramar tsuwwar da tsofaffin na'urori ke yi: idan ka sauke feda a miksa ta tafi tare da sautin, idan a manhaja ka sauke, sauti ya tafi ya bar maka tsuwwa ita kaɗai a fili.

Wannan shi ne dalili na gaskiya a wurina. Idan ba ka da wani abu na ƙarfe a layukanka, miksar kawai tana tara sauti ne ta fitar, to otomeshan ɗin manhaja, wato motsin fedar da take rubutawa ta maimaita da kanta, ya ishe ka, kada ka wahalar da kanka. Idan kuwa kowane muhimmin layi yana da kwamfuresa da ikwalaiza nasa, za ka ji bambancin tun a waƙar farko.

Ta yaya feda ke karɓar umarni?

Hanya uku ce aka fi sani.

Ta farko ita ce VCA, wato amfilifaya da ƙarfin lantarki ke sarrafa girman sautinsa. A miksa irin wannan sauti ba ya bi ta cikin fedar da kake taɓawa. Fedar tana fitar da wuta tsayayya ne kawai, wutar ta je ta gaya wa VCA yawan abin da zai saki. To tunda wuta ce ke ba da umarni, kwamfuta ma tana iya samar da ita. David Blackmer na kamfanin dbx ne ya fito da salon VCA da ya mamaye harkar tun farkon shekarun 1970, kuma kamfanin THAT yana ci gaba da ƙera irinsa har yau. Aibin wannan hanya shi ne fedar ba ta motsi. Tana iya zama a ƙasa alhali sauti yana sama, sai ka dinga duban allo ko 'yan fitilu don ka san inda ake.

Ta biyu feda ce mai ƙaramin injin lantarki da bel. A cikinta akwai hanyoyi biyu na gefe da gefe: ɗaya sauti ke bi, ɗaya kuma tana auna inda kan fedar yake. Na'ura tana duba inda yake, ta kwatanta da inda ya kamata ya kasance, ta juya injin har su daidaita. Abin da idonka ya gani shi kunnenka ke ji.

Ta uku ita ce 'yar guntuwar na'ura mai jerin rezisto a ciki, lambobi ke zaɓar wanda sauti zai bi. Sautin yana nan analog, umarnin ne kawai na lamba. SSL Sigma tana aiki da irin wannan dabara, kuma ko feda ɗaya babu a fuskarta.

Wanne ya fi fitar da sauti mai kyau?

Tsofaffin VCA suna ƙara ɗan ƙazanta a sauti, shi ya sa wasu injiniyoyi suka guje su, wasu kuma suka ƙaunace su saboda wannan launin. Na zamani sun yi tsabtar da da wuya kunne ya kama su idan an saita su daidai. Feda mai inji ba ta ƙara wata da'ira a hanyar sauti, amma tana da nauyi, ba ta iya tsalle daga ƙasa zuwa sama cikin ƙiftawar ido yadda VCA ke yi, kuma tana tsufa. SSL ta haɗa biyun a tsarin Ultimation a 1991, inda kake da feda mai motsi da VCA a layi ɗaya. Ni dai na fi son mai motsi, ba don sauti ba, don hannuna yana sanin inda yake.

Kafin zuwan waɗannan manhajoji da me ake yi?

Da hannaye. Mutum uku ko huɗu su jeru a gaban miksa, kowa da fedojinsa da alamun da ya yi da fensir a gefensu, in ɗaya ya yi kuskure a minti na huɗu a koma farko. Daga baya miksoshi suka zo da kwamfutocinsu. Neve ta fito da NECAM, tsarin feda mai motsi, aka girka shi a situdiyon AIR da ke Landan a 1977. SSL 4000 E ta 1979 ta zo da VCA da kwamfutarta mai ajiye bayani a faifan fulofi. A ƙarshen shekarun 1980 Flying Faders na Martinsound ya bazu a miksoshin Neve, ga kuma tsarin GML na George Massenburg.

Duk waɗannan suna bin lambar lokaci ta SMPTE da ake ɗauka a layi ɗaya na kaset, yawanci na ƙarshe. Kwamfutar miksa tana sauraron wannan ƙarar, ta san sakan da firam ɗin da ake ciki, ta motsa fedoji. Har yau ana iya yin haka: manhaja ta fitar da lambar lokaci ta wata ƙofa, tsohuwar kwamfuta ta bi. Matsalar ita ce tunani ya rabu gida biyu. Ka yanke amshi ɗaya daga waƙa a manhaja, kwamfutar miksa ba ta sani ba, duk motsin da ke bayan wurin ya goce.

Da wane harshe manhaja ke magana da miksa?

Mafi yawa da MIDI, tsarin da na'urorin kiɗa ke aika wa juna umarni da shi, ko wani abu da aka gina a kansa. MIDI ya fito a 1983 don kayan kiɗa, ba don fedoji ba, amma shi kowa yake da shi. A 1997 kamfanonin Mackie da Digidesign suka fitar da HUI, tsarin saƙonni tsakanin na'urar fedoji da manhaja, don Pro Tools, daga baya Mackie Control ya biyo, wanda Logic da Cubase da sauransu suka runguma. Dukansu suna tafiya takwas-takwas: kowace na'ura feda takwas, kowace kuma da ƙofar MIDI tata. Pro Tools yana karɓar HUI huɗu, wato feda 32 ke nan, kuma wannan iyaka tana cizon masu miksa mai layi 48 ko fiye.

Akwai EuCon na Euphonix, kamfanin da Avid ta saya a 2010, wanda ke gudu ta wayar sadarwar kwamfuta kuma ya fi sauri da zurfi. Amma galibi a na'urorin sarrafa manhaja za ka same shi. Miksoshin analog da yawa suna ɗora MIDI ɗin ne a kan wayar sadarwa, ta hanyar ipMIDI ko makamancinsa, don su tsere wa jinkirin tsohuwar wayar mai fil biyar.

Jinkirin nan ba ƙarami ba ne. Tsohuwar wayar MIDI tana ɗaukar bit 31,250 a sakan, saƙo ɗaya mai bayit uku yana cin kusan milisakan ɗaya. Feda takwas suna motsi tare, milisakan takwas kafin a zagayo kan ta farko. Ka cusa 32 a waya ɗaya, ka kai wajen milisakan 30, motsi ya fara tafiya da tsalle-tsalle.

Matakai 128 na MIDI ba su isa ba ne?

Ba su isa ba. Saƙon sarrafawa na yau da kullum yana da daraja daga 0 zuwa 127. Ka raba wannan a kan feda mai tsawon milimita 100, kowane mataki ya kusa milimita ɗaya. Ka raba shi daidai a kan desibel 70, kowane mataki ya haura rabin desibel. A kan ganga ba za ka ji ba. A kan doguwar murya ko goge da ake saukewa a hankali, za ka ji sauti yana sauka kamar mai saukowa daga tsani, wani lokaci har da 'yar ƙara kamar ana jan zif. Ga shi kuma gyaran murya sau da yawa na rabin desibel ne, ke nan matakinka ɗaya ya kai girman gyaran duka.

Shi ya sa Mackie Control yake aika matsayin feda ta saƙon MIDI na lanƙwasa sautin kiɗa (pitch bend), wanda ke da bit 14, wato daraja 16,384, ko da yake a aikace kusan matakai 1,024 ake amfani da su. HUI kuma yana raba matsayin gida biyu ya aika a saƙo biyu. Bayan haka na'ura mai kyau tana sassauta tsalle tsakanin mataki da mataki kafin wutar ta isa VCA. Idan an sassauta da yawa kuma, feda ta zama mai nawa. Gwanintar mai ƙira tana tsakanin waɗannan biyun.

A aikace, yaya ake haɗawa?

Hanyar da ta fi daɗewa ita ce ta tirak marasa sauti, tirak kuwa shi ne layin da ake ajiye sauti a cikin manhaja. Ka buɗe tirak 24 ko 32 babu komai a cikinsu, ka jera su a farkon zaman aikin, ka ba kowanne sunan layin miksar da zai tuƙa. Miksa ta gabatar da kanta ga manhaja a matsayin HUI. Manhaja tana zaton tana motsa fedojin na'urar sarrafawa ne, alhali fedojin nan sauti ke bi ta cikinsu. Tirak ɗin sauti na ainihi kuwa suna can gefe a sifili, suna fita zuwa miksa. Tsarin SwiftMix na miksar Rupert Neve Designs 5088 yana bin hanyar HUI ɗin nan.

Tana aiki, amma tana da tarko. Ka ɓoye tirak ɗaya, ko ka ƙara sabo a sama, ko ka danna maɓallin matsawa zuwa takwas na gaba, duk jerin ya goce da ɗaya, fedar bes ta fara bin motsin murya. Na taɓa ɓata kusan awa ɗaya ina neman abin da ya sa jita ke ɓacewa a kowane amshi, ashe tirak ɗaya na ja sama ba tare da na lura ba.

Hanya ta biyu ita ce fulogin, wato 'yar ƙaramar manhajar da ake ɗorawa a cikin babbar. Ka sa shi a tirak ɗin sauti na ainihi, ba ya taɓa sautin, aikinsa kawai ya riƙe lambar layi da matsayin feda, ya aika wa miksa ta wayar sadarwa. Delta-Control na SSL haka yake. Wannan ta fi kwanciyar hankali nesa ba kusa ba: iyakar 32 ta kau, jerin tirak ba ya dame ka, kuma idan ka kwafi amshi ka liƙa a gaba, motsin feda yana tafiya tare da shi matuƙar ka bar manhaja tana kwashe otomeshan tare da yanka.

Na sa sifili a manhaja amma fedar miksa ba ta tsaya a sifili ba. Me ya faru?

Ma'aunin biyun ba ɗaya ba ne. Fedar Pro Tools tana kaiwa +12, ta Logic tana tsayawa a +6, yawancin miksoshi kuma +10 ne a samansu. HUI da Mackie Control ba sa aika desibel, matsayi suke aikawa, kamar a ce kashi 75 cikin ɗari na tsawon feda. Kashi 75 a nan ba shi ne kashi 75 a can ba. Tsari mai kyau yana da teburin fassara na kowace manhaja, sai ka zaɓi naka. Idan babu, ka manta da lambar da ke allo, ka amince da rubutun da ke jikin miksa da kuma kunnenka. Sannan ka yi gwajin daidaitawa: saka sautin gwaji na 1 kHz a duk layuka, ka tura su sifili, ka duba mita ɗaya bayan ɗaya. Layuka biyu na sitiriyo su ne suka fi buƙatar wannan, domin bambancin rabin desibel yana karkatar da hoton sauti gefe.

Me ya sa motsin yake zuwa kafin sauti, ko bayansa?

Domin hanyarsu daban. Sauti yana bi ta fulogin masu jinkiri, da bafa, wato ma'ajiyar da kwamfuta ke tara sauti kafin ta fitar, da na'urar mayar da lambobi zuwa wutar sauti. Umarnin feda yana bi ta MIDI ko wayar sadarwa, sannan inji ya ɗauki lokacinsa. Bafa mai samfur 1,024 a 48 kHz ya kai milisakan 21 shi kaɗai. Idan ka ɗora fulogin masu nauyi, manhaja tana jinkirta duk tirak don su daidaita, amma ba kowace ce ke jinkirta saƙon na'urar sarrafawa daidai da haka ba.

A hawa da sauka a hankali ba a lura. Inda abin ke fitowa shi ne kashe layi da kunna shi dab da bugun ganga ko farkon kalma. Shawarata ita ce duk yanka mai kaifi ka yi shi a manhaja, a kan sautin kansa, ka bar wa feda aikin da ta iya, wato rakiyar murya da numfashin waƙa. Kuma kada ka canja girman bafa bayan ka gama rubuta motsi.

Fedata tana rawa, ko tana kokawa da hannuna.

Rawa yawanci zagaye ne: manhaja ta aika matsayi, miksa ta mayar da shi kamar kai ka motsa, manhaja ta sake aikowa. Duba ko ƙofar MIDI ɗin da HUI ke amfani da ita tana buɗe a matsayin ƙofar kayan kiɗa ma, ko wata tirak tana mayar da abin da ya shigo. Ka rufe ta ga komai sai na'urar sarrafawa.

Kokawa kuwa maganar taɓawa ce. Kan fedar yana da rufi mai ɗaukar lantarki, da fatarka ta taɓa shi sai na'ura ta saki injin, ta gaya wa manhaja cewa hannu ya karɓa. Ka tura da farce, ko da biro, ko da busasshen yatsa, ba ta san ka taɓa ba, sai ka ji tana ja da baya a ƙarƙashin yatsanka da 'yar ƙugi. Wanda ya canja kawunan fedoji da na roba don kyau shi ma zai gamu da wannan. Idan wayar ƙasa ta miksa ba ta da kyau, jin taɓawar yakan rikice, wani lokaci har feda ta ɗauka an taɓa ta babu kowa a kusa. Ka goge kawunan, ka sa tsokar yatsa, ka duba wayar ƙasa.

Idan kuwa duk fedojin suka mutu lokaci ɗaya, duba haɗin. A tsarin HUI manhaja tana aika ɗan saƙon gaisuwa kusan kowane sakan, na'ura ta amsa. In amsa ta daina zuwa, sai manhaja ta ɗauka an cire na'urar.

Wane yanayin rubutu zan yi amfani da shi?

Sunayen da ke jikin maɓallan kusan ɗaya ne a ko'ina. Read yana karanta abin da aka rubuta kawai. Write yana rubutu daga farawa zuwa tsayawa, yana share abin da ya tarar, don haka zagaye na farko kaɗai ya dace da shi. Touch yana rubutu muddin hannunka na kai, ka saki ta koma kan tsohon motsin da aka rubuta. Latch yana farawa da taɓawa amma ya tsaya inda ka bar shi har ka tsayar da waƙa. Trim yana ƙari ko ragi a kan motsin da ke nan ba tare da ya share shi ba, kuma shi ne abokinka ranar da aka ce a ɗaga murya duka da desibel ɗaya.

A miksar VCA da fedarta ba ta motsi, kafin ka karɓi layi sai ka kai fedar daidai inda sautin yake, fitilu biyu suna nuna maka sama ko ƙasa har su daidaita. In ba haka ba sauti zai yi tsalle a inda ka shiga.

Ina da tsohuwar miksa mai kwamfutarta. In cire kwamfutar?

Idan tana aiki kuma ka iya ta, babu gaggawa. Amma faifan fulofi da na'urar karanta shi suna ƙarewa, masu gyaran allunan nan kuma suna raguwa. Akwai na'urorin da ake sawa a madadinta, kamar Tangerine na THD-Labs, da ke shiga inda tsohuwar kwamfutar SSL take, su haɗa VCA ɗin miksar da manhaja. Ribar ita ce komai ya koma fayil ɗaya. Kafin ka yi, ka sa a duba wutar miksar da fedojinta, domin sabuwar na'ura ba ta gyara fedar da ta ci ƙura. Tsohuwar kwamfutar kuma ka adana ta tare da wayoyinta, akwai tsofaffin ayyukan da ita kaɗai ke iya buɗewa.

Miksata ba ta da VCA, ba ta da inji. Akwai dabara?

Akwai uku. Ka sa akwatin VCA na waje a mashigar kowane layi, bayan kwamfuresa, ka bar fedar miksa a sifili. Ko ka canja fedojin da masu inji, in akwai zurfi a ƙarƙashin fuskar miksar, abin da sau da yawa babu a ƙanana. Ko kuma ka bi hanyar da ba ta cin ko sisi: ka ɗauki sautin da ya fito daga kwamfuresa ka mayar da shi sabuwar tirak, ka yi motsinka a manhaja a kan wannan, ka sake fitar da shi zuwa miksa. Ka ƙara zagaye ɗaya ta na'urar mayarwa, amma fedarka ta koma bayan kwamfuresa, wanda shi ne abin da ake nema tun farko. Ga mutane da yawa wannan ta ukun ita ce amsar.

Mai son ƙerawa da kansa, da allo irin Teensy ko Arduino ana iya yi, kuma ana koyon abu mai yawa. Sai dai ka riƙe lamba ɗaya a kai: VCA irin THAT 2180 yana canja desibel ɗaya da kusan milibolt 6 a ƙafar sarrafawarsa. Ke nan 'yar ƙazantar da ba ta kai a kula ba a wayar sarrafawa za ta hau kan sautinka kai tsaye. Injinan feda kuma ana tuƙa su da wuta mai yankewa da sauri, wadda ke son tsallakawa cikin hanyar sauti. Ka ba su wutarsu daban, ka raba hanyar komawar wutarsu da ta sauti su haɗu a wuri ɗaya tak, ka fara da layi ɗaya. Sai ka ɗaga lasifika, ka bar layin babu sauti, ka sa fedar ta yi ta kai da komo kana saurare. In ka ji tsuwwa tana bin motsin, kada ka ƙera na biyu tukuna.

Da wannan zan iya dawo da haɗin sauti gaba ɗaya bayan wata shida?

A'a. Fedoji da maɓallan kashe layi za su dawo. Ikwalaiza, da karkatar hagu da dama, da yawan abin da ka aika wa amsa-kuwwa, da duk na'urorin waje, da wayoyin da ka soka, waɗannan suna nan inda hannu ya bar su. Ko Total Recall na SSL hoton matsayin maɓallai yake ajiyewa, mutum ne ke bi ɗaya bayan ɗaya yana murɗawa har ya dace da allo. Wasu sababbin miksoshi, irin su Neve Genesys, suna iya sarrafa wasu sassan da lamba, amma ba duka ba. Ka ɗauki hotuna, ka rubuta, kuma kafin ka tashi ka ɗauki rukuni-rukuni daban: ganguna, kayan kiɗa, murya, da haɗin da babu murya. Yawancin gyaran da za a nema daga baya ana yin sa daga waɗannan.

Zan iya fitar da waƙar cikin sauri yadda ake yi a manhaja?

Ba zai yiwu ba. Sauti yana bi ta waya da ƙarfe, feda tana tafiya da saurin injinta, don haka waƙar minti biyar minti biyar za ta ci. Ka mayar da fitowar miksa cikin sabuwar tirak ta sitiriyo, ka fara ɗauka daƙiƙa biyu ko uku kafin sautin farko domin fedoji su isa mazauninsu, ka sa duk layuka a Read, ka janye hannunka daga kansu, sannan ka saurara har amsa-kuwwar ƙarshe ta mutu kafin ka tsayar.